Bin Sawun Ruwan Challawa: Daga Karaye Zuwa Rogo

Duk wanda ya buɗe famfo a birnin Kano ya ga ruwa ya zo, mai yiwuwa wani kaso na ruwan nan a ƙasar Karaye ya kwana kafin ya iso gare shi. Kaɗan ne cikinmu suka san haka. Cikin waɗanda suka sani ma, ba kowa ne ya taɓa tambayar abin da mutanen can suka bayar kafin ruwan ya sami wurin kwana ba. Tambayar nan ce ta fitar da ni daga birni a tsakiyar hunturu, bayan an gama kaka an shiga saran rake.

Mun bi titin Gwarzo, muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, muka ratse a Janguza muka kama hanyar Kabo. Gonaki duk an girbe, an ɗaure kara an jingine, shanu na bin abin da ya rage. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne itatuwan gona. Ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, manya-manya masu kyau, amma kusan dukansu tsofaffi ne. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ƙaramar ɗorawa da za ta gaji babbar ba. A ɗaya hannun titin kuwa motoci ne ke wuce mu suna nufar birni, an labta musu icen girki da buhunan gawayi. Direbanmu, wanda bai cika magana ba, ya ce tun da iskar gas ta yi tsada kasuwar gawayi ta buɗe, har gidajen da suka daɗe da barin murhu sun koma masa.

Karaye tsohon gari ne. Tarihin Kano ya ambace shi a labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa, ya kuma haɗa sunansa da na Wambai Giwa. Matasan yanzu sun fi saninsa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla, da kuma rikicin masarautu. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mai da Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wannan tsari, daga baya ta dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. An yi ta rubutu a kan wannan, ba kuma shi ya kawo ni ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, masarautar a yanzu ta haɗa garin da dam yake da wani sashen ƙasar da ke shayar da dam ɗin a ƙarƙashin rawani ɗaya, wannan kuwa dama ce da ba a cika samu ba.

Da safe na ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, yara mata sun yi layi a bakin tuƙa-tuƙa. Ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Amma ganinsa a nan ya tsaya mini a rai, domin ɗan acaɓan da na ɗauka bai daɗe yana gudu ba sai ga mu a gaban ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa.

Madatsar ruwa ta Challawa babban aiki ce. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta, aka kammala a 1992. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Ita da Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. An gina ta ne don a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani, birnin Kano ya sha, manyan filayen noman rani na ƙasa su samu. Manufa ce mai kyau, kuma ba zan ce ba a amfana ba. Garin da ya kai Kano yawan jama'a ba zai rayu da rijiyoyi kaɗai ba.

A gindin wata tsamiya kusa da gaɓa na tarar da wani dattijo yana gyaran koma. Na yi sallama, muka gaisa, na tambaye shi ko nan aka haife shi. Ya ɗaga hannu ya nuna tsakiyar ruwan.

"Can aka haife ni, ɗana. Gidanmu, da masallacinmu, da maƙabartar iyayenmu, duk suna ƙarƙashin abin da kake kallo."

Na ce, "Baba, ba a biya ku diyya ba?"

Ya ce an biya wani abu, ba zai yi wa kowa ƙarya ba. An ƙirga ɗakuna, an ƙirga itatuwa, an ba su wurin zama a tudu. Amma fadamar da suke shuka rake da shinkafa da rogo, wadda ke ciyar da gida ko damina ta yi gardama, ba wanda ya iya mayar musu da irinta. Kuɗin ya ƙare cikin 'yan shekaru, 'ya'ya suka ƙaru, gonar tudu ta kasa ɗaukarsu. Shi manomi ne ɗan manomi, da girmansa ya koyi su.

Maganarsa ta yi daidai da yadda doka take. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna amana. Idan hukuma ta karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da take biya shi ne diyyar abin da ke kan ƙasar, wato gini da itatuwa da amfanin gona, ko kuma a ba mutum wata gonar a madadin tasa. A takarda eka eka ce. Manomi kuwa ya san eka ɗaya ta fadama ta fi ekoki da yawa na jigawa. An biya shi sau ɗaya, ruwan kuma yana amfanar wasu kowace rana sama da shekara talatin, kuma zai ci gaba. A nan rashin adalcin yake. Ba a Karaye aka fara ba. A watan Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun tsaya a kan maganar gonakinsu da diyya, aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa. Hukumar duniya da ta yi nazarin madatsun ruwa ta fitar da rahoto a 2000 tana ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 manyan madatsu suka tasa daga gidajensu a faɗin duniya. Dattijon nan na gindin tsamiya yana da 'yan'uwa a Indiya da Sin da Gana da Masar, ko da bai san da su ba.

Dam ɗin ya kawo arziki ma, ba a musu. Na ga kwalekwale suna dawowa da karfasa da tarwaɗa, 'yan sari na jira a gaɓa, mata na soyawa suna kai wa kasuwa. Na ga samari sun jera injinan ban-ruwa a bakin ruwa, sun ja tiyo zuwa fakan albasa da tumatir da masara. Sai dai kowa da ƙarfin aljihunsa yake yi. Shekaru bayan gama dam ɗin, masu bincike sun riƙa nuna cewa ba a shimfiɗa wa mutanen wurin wani babban tsarin magudanan noman rani ba, alhali gonakinsu ne ruwan ya cinye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, wani saurayi ya ce mini, fetur ke cinye ribar kafin tumatir ya nuna. Wasu sun mai da injinansu masu aiki da gas, masu hali sun sayi na hasken rana. Wanda ba shi da hali ya koma ƙwadago a fakan mai hali. Yara kuma suna wanka suna ɗiban ruwa a gefe, inda ruwa ya kwanta, irin wurin da tsargiya ke samun gindin zama. Rijiyar burtsatse mai kyau a kowane ƙauyen gaɓa ba ta kai kuɗin kilomita ɗaya na bangon nan ba.

Na hau kan bangon na dubi inda ruwan ke fita. Ƙafata ba ta bi shi ba a wannan tafiya, amma na san hanyarsa. Yana gangarawa Panshekara, inda matatar ruwan Kano take tun zamanin Turawa. A wajejen nan ne kuma ƙazantar masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke samun hanyar shiga kogin, masu lambu na ƙasa su yi ban-ruwa da shi, mu sayi ganyen a kasuwa. Ya haɗu da Kogin Kano kafin Wudil, ya ratsa Jigawa, ya isa Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Wajen Gashuwa ya gamu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a yankin Diffa, inda ake noman jan tattasai da shi, sannan abin da ya rage ya faɗa Tafkin Cadi. Mafi yawan ruwan tafkin daga Shari da Logon yake zuwa, amma ga Bade da Manga da Barebari da Hausawan da ke gaɓar Yobe, wannan kogin shi ne nasu.

Kafin madatsu, kogin yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malale fadamu, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, rijiyoyi su ɗauki ruwa. Da rani ya janye, a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu. Madatsu suka rage ambaliyar damina, suka kuma sa ruwa yana gudu kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kacala ke so ke nan. Ciyawar ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, laka ta taru a kanta, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya nufi Nguru. Sai ya zama wasu gonakin sun nutse ba sa bushewa, wasu kuma sun bushe ruwa ba ya kai musu. Jan-baki ya sami maɓoya a cikin kacalar yana fitowa yana cinye gero da shinkafa. A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa ke haifarwa a dausayin, noma da su da itace, suka gwada da abin da yake haifarwa a babban aikin noman rani na Kogin Kano. Suka tarar na dausayin ya ninka ɗayan sau da yawa, suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da damina a kan tsari, yadda zai kwaikwayi ambaliyar da. Sakin da ba tsari kuwa mun ga illarsa: ambaliyar 2001 da ta ci garuruwa a Kano da Jigawa an danganta ta da tumbatsar Tiga da Challawa.

Har tsuntsaye na cikin lissafin. Masu ƙaura daga Turai suna ƙetare Sahara su yi hunturu a dausayin nan, shi ya sa aka sa wani sashensa cikin jerin Yarjejeniyar Ramsar a 2000. Ƙofar da ma'aikaci ke buɗewa a Karaye tana taɓa tukunyar matar masunci a Nguru, da buhun tattasan manomin Diffa, da tsuntsun da zai koma Turai ya yi ƙwai. Gwamnonin Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno sun gane haka, suka taru a Damaturu a 2006 suka amince da kafa asusun kula da kogin baki ɗaya. Tunani ne mai kyau. Abin da nake so in gani shi ne kujerar masunci da ta makiyayi da ta wanda aka tasa daga gidansa a wurin da ake yanke ranar buɗe ƙofa, da kuma sanarwa a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci kafin ruwan ya taso.

Daga Karaye na kama hanyar Rogo. Ƙasar tana canzawa a hankali: ta fi ja, ta fi danshi, itatuwa sun fi yawa, ka san ka doshi iyakar Kaduna da kudancin Katsina. Nan ƙasar masara ce da rake. A kwaruruka sai ka hangi rake kore shar a tsakiyar rani, motoci na lodi za su kai birane. Na tsaya a wani wurin da ake mazarƙwaila. Ana tura rake cikin injin matsa, ruwan na zuba a garwa, a juye a manyan kasake a kan wuta, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Da busasshiyar tukar raken suke hura wutar, sai ta gaza su ƙara da ice. Na ji daɗin ganin haka, domin duk damin tuka da aka ƙona wani reshen marke ne ya tsira.

Mai wurin ya raka ni bayan gonarsa ya nuna mini wani kwazazzabo. Ya ce yana yaro tsallake shi suke yi. Yanzu sai an zagaya. Kowace damina sai ya ci wasu kunyoyi, kuma ƙasar da ya ci ba ɓacewa take ba, rafi ke kwasarta ya kai ta dam. Masana sun daɗe suna gargaɗi a kan haka: ƙasar yankin mai saurin zaizaya ce, ana noma har bakin rafi, an sare itatuwan gaɓa, laka na cike madatsar, yashi kuma na damun wuraren da Kano ke zuƙar ruwa. Maganin da ake faɗa kullum shi ne manoma su ja da baya daga gaɓa, su bar ciyawa da itace.

Na faɗa masa haka. Ya dube ni ya ce, "Malam, bakin rafin nan shi ne inda ya fi ko'ina albarka a gonata. In na bar shi, wa zai ciyar mini da yara? Mutanen birni da za su sha ruwan?"

Ban ga laifin tambayarsa ba, kuma amsarta ita ce e, su ya kamata. An riga an gwada a Afirka. Birnin Nairobi kusan duk ruwansa daga saman Kogin Tana yake zuwa, laka kuma ta dame su kamar yadda ta dame mu. A 2015 aka kafa asusu, hukumar ruwan birnin da kamfanin lantarki da manyan masana'antu masu amfani da ruwa suka zuba kuɗi, ana taimaka wa manoman sama da dashen itatuwa, da layukan ciyawa masu tare ƙasa, da ramukan tara ruwan sama. Ba sadaka suke yi ba, sun lissafa ne suka ga tare laka a gona ya fi tace ta a matata araha. Kano na da masana'antu da kamfanonin lemo da na ruwan leda da ke rayuwa a kan kogin nan. Kaso kaɗan daga abin da suke biya, in an killace shi an bi shi da gaskiya, zai isa a fara daga Rogo.

Maganar itatuwa ma ba sai mun je nesa ba. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba ma'aikacin daji da zai zo ya ci shi tara in ya sassabe reshe. Ƙasar Rogo ta fi ta Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba. Ba a bukatar gandun renon tsirrai ko bikin dashe da 'yan jarida. Ana bukatar dagaci da mai unguwa su tsaya a gaban jama'a su ce wanda ya raini itace shi ke da shi, hukuma kuma ta tsaya a kan maganar.

Bayan masunci da manomi, akwai mutum na uku da ba a cika kiransa taro ba. A hanyar wani ƙauye na gamu da Bafulatani yana kora shanu a gefen titi, domin burtalin da ya saba bi an nome shi, mashayar kuma an kewaye ta da albasa. Ya ce dabba ba ta san an yi dam ba, ta san dai inda uwarta ta sha. Duk tsarin da zai ce a bar gaɓa ta yi ciyawa, dole ya faɗi ta inda saniya za ta sauka ta sha, in ba haka ba ciyawar da aka bari don tare laka ita za ta zama sanadin faɗa na gaba. Waɗanda aka tasa ma kada a manta da su. An daɗe ana maganar samar da lantarki daga Tiga da Challawa. Duk ranar da injin Challawa ya juya, ƙauyukan da aka tasa su ya kamata a fara ja wa waya, kafin ta miƙe zuwa birni.

Kafin in hau motar Makarfi na koma wurin mai mazarƙwaila mu yi sallama. Na tambaye shi, in da gaske aka zo da irin tsarin nan, me zai sa ya yarda. Ya ajiye ludayin da ke hannunsa ya lissafo. A ba shi dashen mangwaro da gwaiba masu aure, ba darbejiya kaɗai ba, don gaɓar ta riƙa kawo wani abu. A taimaka masa da injin hasken rana, ya biya a hankali bayan ya sayar da rake. A yi maganar a ƙofar gidan dagaci, da Arɗo a zaune, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa. Kada a aiko masa da saƙo ta bakin ɗan siyasa.

"Kuma, Malam, a zo da rani, kafin ruwan shuka ya sauka. In na riga na zuba iri da taki a wurin, ko Sarki ne ya aiko ba zan tuge ba."